Kafin a ce faifan linzamin laftof ya mutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin masu amfani da laftof, musamman ɗalibai, game da faifan nan da ake shafawa da yatsa a ƙasan madannai, wanda idan ya daina motsi sai mutum ya ɗauka kwamfutar ta gama yawo.

A watan jiya 'yar yayana, wadda ke rubuta aikinta na kammala digiri, ta zo mini ido ya raina fata, ta ce wani mai gyara ya nemi naira dubu 25 don ya sauya mata faifan. Da na karɓi kwamfutar, wata tsohuwar HP ce ta hannu, sai na hangi wata 'yar fitila mai ruwan goro tana ci a kusurwar hagu ta saman faifan. Na ƙwanƙwasa wurin sau biyu da yatsa, fitilar ta mutu, kibiyar da ke kan fuskar kwamfutar ta ci gaba da yawo. Ashe ita ce ta kashe shi da gefen hannunta tana tsakar rubutu ba ta sani ba. Ban ce mai gyaran ya yi niyyar cuta ba, amma dai ko kallon kusurwar bai yi ba.

Wasu kwamfutocin da madannai ake kashe faifan, ta hanyar danna maɓallin Fn tare da ɗaya daga cikin maɓallan layin sama mai ɗauke da hoton faifan. A yawancin ƙirar Acer F7 ne, a Asus kuwa F9. Idan wannan bai yi ba, sai a ari linzami mai waya, wato mouse, a jona, a danna maɓallin Windows tare da harafin I don buɗe saiti, a duba ko an kashe faifan a cikin saiti, domin akwai zaɓin da ke sa ya yi shiru duk lokacin da aka jona wani linzamin. Daga nan sai batun direba, wato manhajar da ke sa faifan aiki, wadda kan rikice bayan sabunta Windows. A cire ta, a kashe kwamfutar a kunna, galibi takan dawo da kanta.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne batir. A laftof da yawa batirin yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan, kuma idan ya tsufa, ko ya sha zafi saboda ɗora kwamfutar a kan katifa da barin ta a caji dare da rana don gudun ɗaukewar wuta, yakan kumbura ya turo faifan sama. Alamarsa ita ce faifan ya yi tudu, ko ya ƙi dannuwa, ko murfin ƙasa ya fara buɗe baki. Wanda ya ga haka ya zare caja nan take, kada ya danne wurin da ƙarfi, kada kuma ya tsokane shi da wuƙa, domin batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Wannan kam aikin mai gyara ne, kuma a roƙe shi ya duba siririyar wayar da ta haɗa faifan da uwar allo, wato babban allon cikin kwamfutar, tun da ya riga ya kwance ta, don sau da yawa saki kawai take yi.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos