Kafin ka ɗora wutar walda a jikin tsohuwar akori-kura

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu sha'awar koyon walda, musamman waɗanda suke so su fara da like ɓular tsatsa a jikin tsohuwar motar ɗaukar kaya. Da yawansu a waldar ƙofa da taga suka fara ganin aikin, sai su ɗauka jikin mota ma haka yake. To, akwai rata. Fallen ƙarfen jikin mota kaurinsa bai cika wuce milimita 0.8 zuwa 1.2 ba, zafi kaɗan ya ishe shi ya ɓule ko ya karkace.

Ga sabon hannu, injin MIG, wanda ke turo wayar walda da kansa ta bakin bindigar da ake riƙewa a hannu, iskar gas tana kare narkakken ƙarfen, ya fi sauƙi: waya mai kaurin milimita 0.6, da iskar argon kashi 75 zuwa 80 gauraye da CO2, a buɗe ta kamar lita 10 a minti. Waya mai hoda a ciki, wadda ba ta buƙatar tukunyar gas, ta fi zafi, ta fi saurin huda falle. Sandar walda mai milimita 2.5 kuwa ba ta wannan aiki ba ce ko kusa. In ba makawa sai sanda, a nemi samfurin sanda mai lamba 6013, mai milimita 1.6, a rage wuta. Waldar gas tana yi, amma tana baza zafi a fili mai faɗi, shi ya sa ƙofa kan fito tana tudu da kwari. Kowanne aka zaɓa, a fara gwadawa a guntun ƙarfe mai kauri ɗaya da na motar, a juya bayansa a duba. In ba a ga alamar narkewa a bayan ba, waldar a sama kawai ta zauna.

Kafin a kunna inji, a cire kan batir na nagatif. Wayar da ake maƙalawa a jikin ƙarfe a kama ta kusa da wurin aiki, a kan ƙarfen da aka kankare tas, don kada wuta ta bi ta wayoyin motar. A leƙa bayan fallen: kafet, soso, robar ƙofa, wayoyi, bututun mai da na birki duk a kawar. Tankin mai da ya ƙare ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa. A ajiye tukunyar kashe gobara kusa, kuma bayan an gama a tsaya rabin awa ana lura, saboda soso yana ci a ɓoye kafin ya nuna hayaƙi.

Tsatsa ba ta karɓar walda. Abin da ido ya gani a kan fenti ƙaramin sashe ne, sauran yana ciki. A kankare fenti kamar santimita 5 kewaye da wurin, a caccaka da sukundireba, duk inda ya lotsa a yanke shi har a kai ƙarfe mai haske. A zana siffar ramin a kwali, a yanko faci daga falle mai kauri iri ɗaya, a zagaye kusurwoyinsa, domin zafi yana taruwa a kusurwa mai tsini. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, amma tsakanin fallayen biyu ruwa ke kwana, tsatsar ta dawo. Gara a haɗa baki da baki, a bar tazara da ba ta kai milimita 1 ba, a riƙe da maganaɗisu.

Nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Ba a jan walda doguwa a jikin mota. Ɗigo-ɗigo ake yi, kowanne ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wayar ta fito daga bakin bindiga kamar milimita 6 zuwa 10. A ɗiga a sama, a koma ƙasa, a je hagu, a dawo dama, tsakanin ɗigo da ɗigo santimita 3 ko fiye. Sai a dakata har bayan hannu ya iya taɓa wurin, sannan a sake zagaye a cike tsakani, haka har ɗigon su haɗu su zama layi. Dalili shi ne walda tana tsukewa in ta huce, tana janyo ƙarfen da ke gefenta. Ɗigo ɗaya jansa kaɗan ne, layin santimita 10 a lokaci guda kuwa zai murɗe ƙofa. In hannu yana kaiwa baya, a tara da guntun ƙarfe mai santsi, a ɗan bubbuga kan ɗigon da hama, ƙarfen zai saki. Masu watsa ruwa don su yi sauri suna ƙara tsukewar ne kawai. Idan wuri ya ɓule, kada a bi shi da wuta yana gudu ana binsa. A bari ya huce, a tara da fallen jan ƙarfe ta baya, a cike daga gefe. Walda ba ta kama jan ƙarfe, kuma yana shanye zafi.

Gurza ma tana ɓata abin da walda ta gyara. Faifan yanka mai milimita 1 na yanka ne kawai. Aka danna shi ta gefe, tarwatsewa yake yi. A rage tudun waldar da bakin faifan gurza, a tsaya kafin a kai daidai da fallen, a ƙarasa da faifan sanfefa mai lamba 60 ko 80, an ɗan kwantar da injin. Tudun kaɗai ake ci, ban da gefensa, in ba haka ba fallen milimita 1 zai koma kamar takarda. Ƙarfe ya fara yin shuɗi, zafi ya yi yawa, a matsa gaba. Gudun da aka rubuta a jikin faifai dole ya kai na injin ko ya fi shi, kuma murfin kariya ba ado ba ne da za a cire. A rufe gilashin motar, domin tartsatsi yana nutsewa a cikinsa, ba ya fita.

Hular walda mai duhu lamba 10 ta isa wannan aiki. Hasken da ya shiga ido ba ya nuna kansa nan take, sai cikin dare mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Tufafi na auduga ko fata, ban da nailan. Ƙarfe mai rufin tutiya a kankare shi tukuna, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Ruwan wanke birki mai sinadarin kulorin kada ya kusanci wurin walda, zafi yana mayar da shi iskar guba.

Bayan gurza, a haska tocila ta baya, duk hujin da haske ya ɓullo a sake ɗiga masa. A shafa fentin hana tsatsa ciki da waje. Cikin ne ake mantawa, alhali zafi ya riga ya ƙone fentin da ke can. Fila, wato kwaɓin da ake shafawa don daidaita fuskar ƙarfe kafin fenti, kada kaurinta ya wuce milimita 3.

Duk wannan na gindin ƙofa ne, da bakin taya, da daɓen gaba. Shasi, da mazaunin sifirin, da inda bel ɗin kujera ke ɗaure, a kai wa gwani.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarka