Rigakafin zazzaɓin cizon sauro: a tuna da yaran Daura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka in yi magana kan R21, allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka samar. A watan Disambar 2024 aka fara yi wa yara ita a jihohin Kebbi da Bayelsa, kuma wallahi na yi murna da jin haka.

Da daminar bara jikata 'yar shekara biyu ta kwana jiki kamar garwashi, kafin asuba har da jijjiga. A babur muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta yi iya ƙoƙarinta, amma kayan gwajin jini sun ƙare, sai da ubanta ya je kemis ya sayo. Allah Ya sa da sauran kwana.

Roƙona ga gwamnatin Katsina shi ne ta tsaya tsayin daka allurar nan ta isa har ƙauyukanmu. Sau 4 ake yin ta, don haka a sa masu unguwanni da ungozomomi su riƙa tuna wa iyaye mata ranar komawa. A kuma ci gaba da raba gidan sauro, domin allurar kaɗai ba ta isa ba.

Wata kaka,
daga Daura