Zuwa ga malamanmu da masu saurarenmu, kan yankewar murya

Assalamu alaikum.

Iyayenmu malamai, masu ƙananan tashoshin da muke ɗora wa shirye-shirye a intanet, da 'yan'uwa masu saurare daga Maraɗi, Legas har Makka, muna gaishe ku.

Ƙorafinku ya iso mana. Ana tsaka da karatu murya ta yanke, wani ya yi ta dannawa ta ƙi buɗewa, wani ya ce sautin kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Har mun ji ana cewa wai mun karɓi kuɗi mun miƙe ƙafa. Wallahi maganar nan ta yi mana ciwo.

Muryar malam ba daga shagonmu take tafiya wayarku kai tsaye ba. Daga makirufo take shiga kwamfuta, kwamfuta ta tura ta ta layin data zuwa saba, wato babbar kwamfutar da muke haya a Turai, daga can kowa yake jawo nasa. Hayar nan da dala ake biyanta, kuma gwargwadon yawan waɗanda za su saurara a lokaci guda. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a banki ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Muna fama da wannan sai kamfanin da muke haya a wurinsa ya aiko da saƙo, ba shawara ba komai, ya ƙara kuɗi ya kuma rage adadin masu shiga. Shi ya sa ranar Juma'a idan jama'a ta cika, wanda ya makara ba ya samun shiga.

Ga wuta. Ko minti ɗaya aka ɗauke, shiri ya tsaya, dole janareta ya yini yana ruri, kuma kowa ya san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ga data, wadda hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara mata har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Mu kuwa layi biyu muke riƙewa, don in ɗaya ya faɗi ɗaya ya ɗauka.

Sautin da ya ragu, da gangan ne. Mun sauko da shi daga 64 kbps zuwa 32, wato ma'aunin datar da sauti yake ci a kowace daƙiƙa, don mai saurare ya ci kamar MB 14 a awa maimakon 29. Masu cewa za su koma Facebook, ba mu hana kowa ba, amma a tambayi tsohuwar da ke saurare da ƙaramar waya nawa bidiyo zai cinye mata.

Ba mu zauna ba. Muna magana da wasu, muna kuma duba maganar sola. In sha Allahu za ku ga canji.

Baba Liman, kai ka fara yarda da mu tun muna ɗaukar kwamfuta ɗaya a bayan babur, Allah ya ƙara girma. Hajiya mai Islamiyya ta wajen Ƙofar Marusa, wadda ba ta taɓa bari wata ya ƙare ba ta biya ba, mun gode. Don Allah wanda yake tunanin janye shirinsa ya fara biyowa shago mu zauna tukuna.

Naku,
Mai shago da yaran aiki,
Ƙofar Ƙaura, Katsina