Babansa Ya Ce Maganin Likita Ma Ƙwaya Ne

Assalamu alaikum Malama, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri bisa wannan fili. Don Allah a sakaya sunana.

Ni uwa ce daga Gombe. A kan ɗana na fari nake rubutowa, shekararsa 23. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, amma yau larura ta cire min wannan kunyar.

Ashe tun yana sakandare yake shan kodin, ban sani ba. Da gwamnati ta hana maganin tarin nan a 2018, abin ya yi tsada, sai ya koma wiwi. Da ya fara jan Keke Napep kuma abokai suka ƙara masa da tiramol, wai don kada jiki ya gaji.

Bara da damina barci ya ƙaurace masa. Ya kan kwana yana zagaya tsakar gida yana magana shi kaɗai, ya ce rediyo da shi take, abincin da na dafa da hannuna ya ce an barbaɗa masa wani abu. Kakarsa ta ce aljanu ne. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, shiru. Ƙanena ne ya ɗauke shi zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ya ce cuta biyu ce ta haɗu, shaye-shaye da taɓin hankali, kuma tare ake maganinsu, domin kowace tana tayar da 'yar'uwarta. Aka ɗora shi a kan allurar wata-wata da ƙwayoyi.

Wallahi Malama na ga sauƙi. Har jam'i ya koma bi. Sai dai maganin yana sa shi yawan barci, jiki ya yi nauyi, hannu na rawa. Da babansa ya ga haka sai ya ce dila kawai aka canza wa yaro, da na lungu ne, yanzu mai farar riga. Ya daina ba da kuɗin asibiti. Ba a rufa wata biyu ba komai ya dawo sabo, har da fita cikin dare, ni kuwa tsorona kada 'yan Kalare, 'yan dabar nan na Gombe, su ja shi.

Wani dare ya zauna a bakin ƙofata yana kuka, ya ce, "Umma, sai na sha muryoyin suke yin shiru." Tun daga ranar na kasa yi masa faɗa.

Yanzu babansa ya dage sai gidan mari. Ni kuwa ban manta da ɗaruruwan mutanen da aka fito da su daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, sarƙa a ƙafa, tabo a baya. Maƙwabciyata ta ce in kai shi NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suna da sashen gyaran hali, amma gabana yana faɗuwa kada ya ɗauka kama shi na sa aka yi.

Malama, da wane baki zan fahimtar da babansa ba tare da ya ga na raina shi ba? Wannan rawar hannun, likita zai iya rage ta ko haka zai zauna? Na kwashi adashina jiya, kuɗin allura na hannuna, ranar asibitin kuma Talata ce. In kai shi a ɓoye, ko in fara kai maganar gaban wan babansa?

Taki,
wata uwa daga Gombe