Amsa ga Malamin da Ya Ce In Faɗi Aure Nawa Na Kashe

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayar da ka jefo mini a shirinka na rediyo ta iso, kuma ba ta bakin mutum ɗaya ba. Ka kama sunana, ka ce in fito in faɗa wa jama'a aure nawa na kashe tunda na fara aikin lauya, da nawa nake karɓa a kan kowane gidan da na rusa. Ka ƙara da cewa mu ne muke zuga matan aure su kai mazajensu ƙara, kuma 'yan boko ba su da hurumi a maganar aure. Ka haife ni, ka kuma fi ni karatu nesa ba kusa ba. Amma a bainar jama'a ka yi maganar, ta kuma yi mini ciwo, don haka a bainar jama'a zan amsa.

Zancen boko ba sai mun daɗe a kansa ba. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna karantar da shari'ar Musulunci a tsangayar lauyoyi, kuma a kotunan da nake tsayawa fiƙihun Malikiyya ne alƙali yake hukunci da shi, wanda kai ma shi kake karantarwa a zaurenka.

Maganar kashe aure ita ce ta tsaya mini a rai. Malam, a hannun wa saki yake? Matar da take shigowa ofishina, galibi takardarta tana cikin jakarta tun kafin ta san hanyar ofishin. Na ga wadda aka rubuta wa a fallen da aka yage daga littafin makarantar ɗanta, a bayan takardar ga lissafin yaron da jan biron malaminsu. Na ga wadda aka aiko wa ta WhatsApp tana gadon asibiti. Saki uku a layi ɗaya, ba a kira shaida ba, ba a kuma ce ga inda za ta yi idda ba, alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matan da aka saki daga gidajensu. Waɗannan aurarrakin ba ni na kashe su ba. Na zo ne bayan an gama, in ga abin da ya saura na haƙƙi.

Gaskiya ne ina shigar da ƙarar khul'i, wato mace ta mayar da sadaki a sake ta, ina kuma neman alƙali ya raba aure idan an tabbatar da cutarwa ko miji ya daina ciyarwa. Ba na jin kunyar hakan. Kai ka karantar da mu cewa matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce ba za ta iya zama ba, aka ce ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki, aka raba su. Ƙofar da shari'a ta buɗe wa mace, don me wanda ya nuna mata ita zai zama mai laifi?

Kuma kafin a kai nan, sulhu nake fara nema. Nakan kira waliyyinta, in nemi wani babba a dangin mijin, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara. Wani zaman a ofishina ake yi, wani a gaban Hisba, wani a zauren sasanci na babbar kotun jihar Kano da aka buɗe a 2009. Da yawa sun koma ɗakunansu ta wannan hanya, kuma babu wanda ya zo rediyo ya ƙirga mini su. Abin da na ƙi shi ne sulhun da bai wuce a ce wa mace "ki yi haƙuri" a mayar da ita ba. A wurina sai an rubuta: cefane nawa, ranar da za a biya kuɗin makaranta, abin da zai biyo baya idan aka sake ɗaga mata hannu, kowa ya sa hannu, waliyyai su shaida. Maza da yawa wannan rubutun ne ba sa so, shi ne kuma suke kira zuga.

Game da kuɗi, macen da aka kora da goyo da yara uku me take da shi da za ta ba lauya? Sau da yawa kuɗin a-daidaita-sahun komawa gida ma daga jakata yake fita. Lauyan da ke neman arziki shari'ar filaye da ta kamfanoni yake bi. Ka tambayi alƙalai da rajistarorin da suka san ni, su gaya maka ko sun taɓa ji na ja shari'a don kuɗi.

Yanzu ga abin da ban ji ka taɓo ba, wanda shi ne mafi yawan aikina: abincin yara. Aya ta 233 a Baƙara ta ɗora ci da tufafi a kan uba. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a ciyar da mai ciki har ta haihu, a biya mai shayarwa ladanta, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. A mazhabarmu uwa ce ta fi cancantar riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, idan kuma uwar ta yi wani auren riƙon kan koma wajen kaka ta wajen uwa, ciyarwa kuwa tana nan a wuyan uba ko ina yaran suke. Duk wannan ka fi ni saninsa. To zo kotu ka ji abin da uba yake faɗa: in tana son su ci, ta kawo mini 'ya'yana. In an kawo, sai a jibge su wurin kishiyar da ba ta nema ba, ko a tura su ƙauye, ko a kai namijin tsangaya ba guzuri. Wani zai rantse ba shi da aikin yi, alhali unguwa kaf ta ga akwatunan lefen da ya kai watan jiya.

In an yi sa'a alƙali ya yanka masa wani abu a wata, sai ya biya sau ɗaya ko biyu ya yi shiru. Ita za ta sake komawa kotu, ita za ta biya kuɗin kai sammaci, a ɗage, a sake ɗagewa, har ta gaji ta ɗora wa 'yarta farantin talla. Kuɗin da aka yanke kafin a cire tallafin man fetur a 2023, yau ko kwanon shinkafar kirki ba ya saye, kuma sai ta sake shigar da buƙata kafin a duba shi. Wannan shi ne aikin da ka kira rusa gidaje.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk lokacin da aka tashi gyara, sai masu murya irin taka su juya maganar. A 2009 zawarawan Kano suka shirya fitowa su bayyana kukansu, aka hana su. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya kawo maganar kundin dokar iyali, wanda ya shafi aure da saki da ciyarwa, sai aka bar duk wannan aka kama zancen ƙarin aure kaɗai ana ta hayaniya. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 aka yi ta, Kano ba ta samu tata ba sai 2023. Tun 2012 gwamnati take aurar da zawarawa da gado da katifa, abu ne mai kyau, amma ina irin wannan himmar wajen bin uban da ya ƙi biyan abin da kotu ta yanka masa?

Ina kyautata maka zato, Malam, sai dai zuciyata tana raya mini cewa wani daga cikin waɗanda na sa aka kai wa sammaci ne ya rigaye ni zuwa zaurenka, ka ji gefe ɗaya ka hau kai. Na kuma san masu bugo maka waya yawancinsu maza ne, kuma zagin lauya ya fi daɗin ji a kunnensu a kan a tuna musu bashin da ke kansu. Mutumin da jama'a suke ɗaukar maganarsa kamar fatawa bai kamata ya yi hukunci da jin ɓangare guda ba.

Ga roƙona. Ka ware shiri guda a kan ciyar da 'ya'ya bayan saki. Ka karanta ayoyin da bakinka, don jama'a sun fi jin naka. Idan ka gayyace ni zan zo da kwafin umarnin kotu da aka ƙi bi, na goge sunayen masu su, mu karanta tare. Sannan ka buɗe layi ka tambayi duk wanda ya saki mace da yara yaushe rabon da ya aika musu da abinci.

Wassalam,
'Yarka, lauya a Kano.