Zuwa ga mutumina, a kan maganar gambit ɗin nan

Salamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya kuma sanyin can wajenku? Saƙonka ya iso tun makon jiya, na karanta na yi dariya har da hawaye, wai ka daina buga gambit, wato buɗin wasan da ake sadaukar da soja ko wani kaya don a samu damar kai hari, a ces (darar chess) saboda Stockfish, manhajar kwamfutar nan mai nazarin ces, ya ce maka asara ce kawai. Haba! To ai ni ma Stockfish ɗin yana zagina kullum, amma wanda ke zaune gabana da agogo na gudu ba Stockfish ba ne, mutum ne irina da ke rikicewa in an jera masa cek uku, wato an kai wa sarkinsa hari sau uku.

Amma bari in fara da kunyar da na sha, don kar ka ce ina cika baki. Kwanan nan na buga Muzio da wani a intanet, ka san shi ai, King's Gambit ɗin nan da kake barin doki a gidan f3 abokin karawa ya ci, kai kuma ka ɓoye sarkinka a gefe kamar ba abin da ya dame ka. Na ba da soja, na ba da doki, zuciya ta ɗebe ni na ƙara bishof a f7, sarkinsa ya fito fili ina ta murna ina cewa yau na kama shi, cek ɗaya, cek biyu, na uku sai na nema na rasa. Dokina na b1 da bishof na c1 suna nan zaune inda aka ajiye su tun farko. Mutumin ya samu numfashi sau ɗaya tak ya kawo sarauniya ya nemi musanya, shi ke nan wasa ya mutu, na zauna ina kallon allo kamar wanda aka yi wa sata.

Wannan ne ya sa na koma na sake kallon wasan Anderssen da Kieseritzky na Landan a 1851, wanda muka sha kallo tare muna ihu. Da can abin da ke burge ni shi ne yawan abin da Anderssen ya zubar, bishof, ruk guda biyu, sannan sarauniya a f6, ya gama da kai bishof e7 a taku na 23. Yanzu kuwa gefen Kieseritzky mai baƙaƙen kaya nake kallo. Ka duba allon ƙarshe da kyau, sojoji uku kawai aka ci wa Kieseritzky, duk manyan kayansa na nan, amma ina suke? Sarauniya can a1 ta tafi kwaɗayin ruk, bishof ɗaya a g1, ɗayan bai taɓa motsi daga c8 ba, ruk ɗinsa biyu na kwana a lungu. Dawaki biyu da bishof ɗaya ne suka kashe shi don su ne a kusa da sarki. Kenan lissafin da ya kamata in yi a Muzio ɗina shi ne nawa nake da su kusa da sarkinsa, nawa yake da su masu tsaro, ni kuma ina can ina lissafin jarumta.

Ka ɗauki buɗin Fried Liver ma da yara ke so. Doki ya faɗa f7, don a farkon wasa sarki kaɗai ke tsaron gidan nan, sarki ya ci, sarauniya ta zo f3 da cek, dole ya tako e6 in yana son ya riƙe dokinsa na d5, sai ka fito da doki c3 ka ƙara masa nauyi. Ka ga kowane taku naka yana fito da sabon kaya ne kuma yana tilasta masa amsa. Wanda ya san kan abin ma ba zai ci sojan d5 da doki ba tun farko, doki zai kai a5 ya kori bishof ɗinka, sai ka nemi wata dabarar.

Farautar sarki da ta fi kwanta min kuwa ita ce ta Edward Lasker da George Thomas a 1912, ko da yake ba gambit suka buɗe da shi ba, na sani, kar ka kama ni. Sarauniya Lasker ya bayar a h7 a taku na 11, daga nan har na 18 babu takun da ba cek ba, ya ja sarkin baƙi daga h7 zuwa h6, g5, f4, f3, g2 har g1, cikin gidan fari, sannan ya ɗaga nasa sarkin zuwa d2 ruk ya gama aiki. Sau ɗaya bai bar shi ya huta ba.

Kuma maganarka ta cewa manya sun watsar da gambit, e to, rabi gaskiya ne. Spassky ya doke Fischer da King's Gambit a 1960, abin ya ƙona wa Fischer rai har ya zauna ya yi rubutu yana cewa d6 a taku na 3 ya rushe buɗin. Kasparov kuma ya fito da Evans Gambit ya ci Anand a Riga a 1995 cikin taku 25, buɗin da wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ya ƙirƙiro tun wajen 1827. In irin su Anand za su iya faɗawa, ni da kai su wa?

Don haka ranar Asabar da daddare ka hau onlayin, minti 10 kowa. Ni zan riƙe fari in buga b4 ɗin Evans, sharaɗi ɗaya ka ci sojan, kar ka ja bishof baya b6 irin na matsorata kamar yadda ka yi min wancan karon. Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokin karawarka