Saura shafin banish ɗaya kayak ɗin ya shiga ruwa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya fama da aiki? Ina fata kowa lafiya. Na ga saƙonka kana tambaya ko kayak ɗin nan, ɗan kwale-kwalen da nake haɗawa, ya taɓa ruwa, to bai taɓa ba tukuna amma ya kusa, saura shafi ɗaya na banish, man nan da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli, in bar shi ya huta. Tunda ka ce kai ma ka fara haɗa naka shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka abin da na gani da idona kafin ka iso wajen.

Ka san irin namu siraran katakon itacen sida ne, kaurinsu wajen milimita 6 kawai, ƙarfin jirgin yana wajen ƙyallen faiba (saƙar zaren gilashi) da efoksin (gam mai ruwa da ke daskarewa ya yi tauri) da aka lulluɓe shi da su ciki da waje. Shi efoksi ruwa bai dame shi ba, rana ce ba ya shiri da ita, in ka bar shi haka ba kariya sai ya yi rawaya ya dushe har ya fara gari-gari. Don haka kar ka sayi banish ɗin tebur da kujera, ka nemi na jiragen ruwa wanda aka rubuta a gwangwanin yana tare hasken rana.

Inda na sha wahala kuwa gaggawa ce. Kwana 2 kacal da shafa efoksin ƙarshe na ga ya yi tauri na ɗora banish a kai, wallahi har kwana 4 in na danna babban yatsa sai shatinsa ya zauna raɗau, ga danƙo, raina ya ɓaci sosai don sai da na kankare gefe guda kaf na sake. Ashe efoksin bai gama nuna ba, kuma akwai wani maiƙo-maiƙo kamar kakin zuma da yake fitarwa a sama lokacin da yake bushewa, shi ma yana hana banish kamawa. Ka ba efoksin aƙalla mako guda, biyu ma ya fi, sannan ka wanke da ruwa da soso mai kaushi ka goge da tsumma mai tsabta. Ruwa fa na ce, ba tinar tsinka fenti ba, tina ba ta ɗauke maiƙon.

Sanfefa na fara da lamba 80, na koma 120, na gama da 220. Da ka ga saƙar ƙyallen ta fara bayyana fari-fari ka ɗaga hannu nan take, ka fara cin faiban ke nan. Kuma don Allah ka sa takunkumi, ƙurar nan ba ta shaƙa ba ce.

Ranar shafi na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, na rufe ƙofa, na tace banish ɗin a wani kofi daban, gwangwanin ma ba a girgiza shi don kumfa yake yi. Da buroshin soso nake yi, in shafa ɗan wuri kamar kamu ɗaya sannan in ja buroshin a hankali daga busasshen wuri zuwa cikin jiƙaƙƙen, in wuce gaba, ba waiwaye. Ko ka hango inda ka tsallake ka ƙyale shi sai shafi na gaba, in ka koma ɓata shi za ka yi. Siriri-siriri za ka riƙa sawa, in ya yi kauri sai ya zubo kamar hawaye a gefen jirgin, ni tocila nake haskawa a karkace in gano su. Kar ka yi a tsakar rana, kar kuma raɓa ta same shi bai bushe ba don dusashewa yake. Tsakanin shafi da shafi kwana guda, sai ɗan guga da sanfefa lamba 320 sama-sama. Tsumman da suka sha banish kuma ka shanya su a buɗe ko ka jiƙa su a ruwa, in ka dunƙule su waje ɗaya suna iya kamawa da wuta da kansu.

Jiya da na gama shafi na 4 na tsaya ina kallonsa, jan katakon da fari-farinsa sun fito kamar an zuba musu zuma, har inuwar taga nake gani a jikinsa. Na yi ta zagaya shi na kasa fita, na so a ce kana nan.

Ka turo min hoton naka in ga inda ka kai. A gaida mutanen gida duka.

Naka har kullum.